Hawan Dutsen Barkal A Ƙasar Sudan

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka taimake ni da ɗan fili a cikin jaridarka mai farin jini, domin in ba 'yan'uwana masu karatu labarin wani dutse da na hau a ƙasar Sudan cikin watan Janairu na 2023. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, tun da yaƙi ya tashi a ƙasar nan ran 15 ga Afrilu 2023, mutanenmu ba su jin sunan Marawi sai in an ce an yi faɗa a filin jirginta, ko an kai hari ga madatsar ruwanta. Alhali kuwa a ƙetaren kogi, daura da Marawin nan, akwai abin da ya kamata kowane baƙin mutum ya san da shi.

Sunan dutsen Jabal Barkal. Yana gefen garin Karima, fiye da mil 200 arewa da Hartum. Daga Umdurman mota ta kan keta hamada kamar awa shida kafin a ga korayen dabinai na bakin Nilu. Wurin ba a kan hanyar alhazanmu na da ya ke ba, su ta Fashir da Ubayyid suka riƙa bi zuwa bakin Bahar Maliya, shi ya sa labarinsa bai zo mana ta bakinsu ba.

Wanda ya san Kufena ta Zariya, in ya ga Barkal da fari raina shi zai yi, gama tsawonsa ƙafa 300 ne da 'yan kai, kansa kuwa a baje kamar faifai. Amma shi kaɗai ya ke tsaye a fili, ba shi da abokin gami, saboda haka tun daga nesa ido ba ya barinsa. Dutse ne ja-ja na yashi da ya daskare, in ka murza shi da ƙarfi sai ya bar maka gari a hannu. Fuskarsa da ke duban kogi a miƙe ta ke kamar garu, ba mai hawa ta nan. Sai a kewaya ta baya a hau, a sauko ta gefen yamma, a komo inda aka tashi. Duk kewayen bai kai mil uku ba.

Mun tashi bayan la'asar, ni da abokan tafiyata biyu da wani saurayi ɗan garin wanda ya yi mana ja-gaba. Muka fara da kangayen da ke tsakanin dutse da kogi. Nan ne birnin Napata na da. Kimanin shekara 1450 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, Fir'auna Tutmos na Uku ya kawo iyakar mulkinsa har nan. Mutanen Masar suka kira shi Dutse Mai Tsarki, wai gunkinsu Amun a cikinsa ya ke zaune, suka gina masa ɗaki a gindinsa. Ba mamaki, ai mu ma a Kano an yi Tsumburbura a kan Dala kafin Musulunci ya zo. Yau abin da ya rage na babban ɗakin gunkin sai guntayen ginshiƙai da tushen bango, da waɗansu raguna da aka sassaƙa da dutse, suna kwance a bakin ƙofa, iska mai yashi ta cinye musu fuska.

To, ga inda labarin ya ke da daɗi. Bayan ƙarfin Masar ya ja baya, sai sarakunan ƙasar nan ta Kush, baƙaƙe kamar ni da kai, suka yi ƙarfi. Ɗaya daga cikinsu, Piye, ya tashi daga Napata wajen shekara 727 kafin Annabi Isa, ya bi kogi da rundunarsa ya ci Masar har bakin teku, sa'an nan ya komo gida ya sa aka rubuta labarin yaƙin a kan wani babban allon dutse. An tono allon nan a Barkal cikin 1862, yana gidan ajiyar kayan tarihi na Alƙahira. Zuriyarsa suka riƙe sarautar Fir'auna fiye da shekara hamsin, har Assuriyawa suka zo daga gabas suka fitar da su. Mu da aka karanta mana labarin Masar a makaranta, wa aka taɓa gaya wa haka?

A kusurwar dutsen ta kudu akwai wani tsinin dutse da ya rabu da uwar, ya miƙe shi kaɗai kusan ƙafa 250. Ja-gabanmu ya ce mu tsaya mu dube shi da kyau. Lalle in ka ƙura masa ido sai ka ga kamar gamsheƙa ce ta fasa kai, irin wadda a ke gani a goshin hular Fir'auna, masana kuwa sun ce haka mutanen da suka ɗauke shi. Can kusa da ƙoƙuwarsa, inda ba mai zuwa sai tsuntsu, Sarki Taharka, wanda ya yi mulki daga 690 zuwa 664 kafin Annabi Isa, ya sa aka sassaƙa sunansa. A 1987 wani masani Ba'amurke, Timothy Kendall, ya hau da igiya shi da wani gwanin hawan dutse. Suka tarar da ramukan da magina suka kafa itatuwan dakali tsakanin tsinin da uwar dutsen, da ƙananan huji na ƙusoshin tagulla kewaye da rubutun, alamar an lulluɓe shi da fallen zinariya don ya riƙa walƙiya in rana ta fito. Na daɗe ina duban wurin nan ina tunanin talakan da aka ce ya hau da guduma.

Daga nan muka kewaya bayan dutse muka kama hawa. Hanyar ba wata hanya ba ce, sawun mutane ne kawai tsakanin duwatsu, wani wuri yashi, wani wuri tsakuwa mai zamewa, wani wuri sai ka dafa da hannu. Sau biyu na zauna na huta, saurayin nan yana jirana yana murmushi, shi ko haki ba ya yi. Da ya ke lokacin hunturu ne, iskar arewa tana busowa da sanyi, duk da haka gorar ruwana ta yi rabi kafin mu kai. Cikin minti ashirin da 'yan kai muka fito sarari a bisa.

Jama'a, abin da na gani a nan ya fi abin da alƙalamina zai iya. Kan dutsen fili ne mai faɗi, baƙaƙen tsakuwoyi shimfiɗe, ba itace ko ɗaya. Muka taka har bakin gaɓar da ke duban kogi, muka kwanta rub da ciki muka leƙa, gama ba shinge, iska kuma tana turi. Ɗakunan gumakan da muka bari a ƙasa kamar tarin duwatsu, daga sama sai ga su sarai kamar an zana su a takarda, ga zaure, ga tsakar gida, ga ƙuryar ɗaki, duk a jere sun nufo gindin dutse. Gaba da su gonakin dabino sun bi kogi kamar an shimfiɗa koren rawani, sa'an nan Nilu kansa, sa'an nan wani koren a ƙetare, daga nan kuma sai rairayi har iyakar gani. Ban taɓa gane ƙanƙantar ƙasar da mutanen nan ke ci a cikinta ba sai ran nan. Inda ruwa ya tsaya nan rai ya tsaya, kamar an yanka da wuƙa.

Wani abin mamaki kuma, kowa ya san Nilu arewa ya ke gudu, amma a nan ba haka ba ne. Daga Abu Hamad ya kan juyo ya nufi kudu maso yamma, ya wuce Karima a haka, sai ya kai Dabba kāna ya sake miƙewa arewa. Ja-gaba ya nuna mana can ƙetare wajen gabas, inda dalolin Nuri su ke, kamar mil shida, nan kabarin Taharka ya ke, dalarsa ta fi kowace girma a Sudan. Sama da nan kuma madatsar Marawi ce da aka buɗe a 2009, wadda ta ba ƙasar wutar lantarki, ta kuma tashi dubban Manasir da maƙwabtansu daga gonakin kakanninsu.

Ba mu kaɗai ba ne a bisa. Samarin Karima da 'yammata da iyaye da yara sun hau shan iska, waɗansu sun zo da butar shayi, suka ba mu muka sha, don mutanen Sudan ba su ganin baƙo su ƙyale. Amma akwai abin da ya ɓata mini rai, ba kuwa zan ɓoye shi ba. Ko'ina ka duba an kanƙare dutse an rubuta sunaye, har a jikin ginin da ya shekara fiye da dubu biyu da ɗari biyar, ga ledoji da gorunan roba a kowane lungu. Mu kan yi kuka Turawa sun kwashe kayan wurin nan, gaskiya ne kuwa. Zakoki biyu na jan dutse suna Landan, rago guda Lepsius ya kai Barlin bayan zuwansa a 1844, George Reisner da ya yi tono daga 1916 zuwa 1920 ya kai waɗansu gumakan sarakuna Bostan. To, amma waɗanda aka bari a gida fa? Babban gidan ajiyar kayan tarihi na Hartum, inda aka tara mafi yawan abin da ya rage, an washe shi cikin yaƙin nan. Ni dai ban ga bakin da za mu ce a maido mana na waje ba, muddin haka mu ke riƙon na hannu. Tun 2003 hukumar UNESCO ta sa Barkal cikin wuraren tarihi na duniya, amma takarda ba ta tsare dutse.

Da rana ta yi ja za ta faɗi muka koma gefen yamma. A ƙasa ga waɗansu ƙananan daloli masu tsini, waɗansu a tsaye, waɗansu sun zube, siffarsu kamar dalar gyaɗar da aka yi a Kano a zamanin baya, sai dai sun fi ta tsayuwa a miƙe. Inuwarsu ta yi tsawo a kan rairayi. A wannan gefe iska ta tara yashi ya hau jikin dutse tun daga ƙasa har kusa da bisa, ta nan a ke sauka. Sai ka tuɓe takalma ka riƙe a hannu, ka jefa ƙafa, yashi ya haɗiye ta har ƙauri, ya tafi da kai. Yara da gudu su ke yi suna ihu. Ni da furfurata na ce a hankali zan bi, amma yashin bai yarda ba, abin da na hau cikin minti ashirin na sauke shi cikin minti uku, ina dariya kamar yaro. Muka yi sallar magariba kusa da dalolin, muka bi gindin dutse muka komo wurin ragunan nan da duhu ya fara.

Wanda Allah ya nufa da zuwa bayan ƙura ta lafa, ga shawarata. Ya tafi tsakanin Nuwamba da Fabrairu, don zafin bazara a can ba abin wasa ba ne, ruwan sama kuwa sai a shekara ba a ga ɗigo ba. Kada ya hau da tsakar rana, kada ya hau ba ruwa, ya sa takalmi mai kama ƙafa, ya nemi ɗan gari ya yi masa ja-gaba ya sallame shi da kyau. In yana da yaro tare da shi, ya riƙe hannunsa a bakin gaɓa. Wuƙarsa kuma ya bar ta a kube, dutsen ba ya bukatar sunansa.

Allah ya kawo wa mutanen Sudan zaman lafiya, amin. Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani Matafiyi.