Zuciyar mai jego

Duk malamin makaranta ya san yaran da suka rasa uwa bayan haihuwa: ƙafa ta kumbura, haki ya yi yawa, a ce jego ne. Sau da yawa zuciya ce ta gaza. Farfesa Karen Sliwa ta daɗe tana bin wannan ciwo a asibitin Baragwanath na Soweto, kuma abin da ya burge ni, ba ta riƙe shi ita kaɗai ba. Ita da Denise Hilfiker-Kleiner ta Jamus, mai gwaji kan ɓeraye, suka nuna a 2007 cewa wani gutsuren sinadarin da ke kawo nono yana raunana zuciyar. A 2010 suka wallafa sakamakon gwajin bromocriptine da suka yi kan mata kaɗan, aka ga sauƙi. Sai dai maganin yana ƙafar da nono. A ƙauyukan Tawa, madarar gwangwani ta fi ƙarfin aljihun talaka.