Sifili da Ɗaya: Yadda Na Hana Mahaifina Shiga Jirgin Ruwa

Da aka ce ni ne da rubutun wannan makon, sai da na kwana biyu ina juya abin a raina, domin labarin da nake son bayarwa ba na bajinta ba ne. Labarin wautata ne, kuma wanda ta faɗa wa shi ne mahaifina.

Baba ya yi aiki a tashar jiragen ruwa ta Apapa tun yana saurayi, akawu ne mai ƙirga kayan da ake saukewa. Yana can a 1975, shekarar da ɗaruruwan jirage maƙare da siminti suka yi cincirindo a bakin Legas, wasu suka yi watanni suna jiran layi. Mun tashi muna jin labarin nan har mun haddace shi. Amma duk ranar da ya bayar, ƙarshensa ɗaya ne: "Na ƙirga jirage, na hau na sauka ina duba takarda, amma ban taɓa kwana a cikin wanda yake tafiya ba." Mahaifinsa kuwa, wanda aka sa mini sunansa, da ƙafa ya tafi Makka ta Borno da Chadi da Sudan, ya tsallake Bahar Maliya daga Suwakin zuwa Jidda. Baba yakan yi dariya ya ce Malam da bai taɓa aikin tasha ba ya riga shi sanin ruwa.

Ni sana'ata fata ce. Nakan kai kirgi daga Kano zuwa Italiya da Sifaniya, don haka na daɗe ina shiga Turai ina fita. Autarmu kuma tana aure a Basalona. A 2024, da Baba ya ƙara jin jiki, muka yi shawara da ita mu kai shi ya ga jikokinsa. Ni na ɗauki nauyin takardu, domin a gidanmu ni ake yi wa kallon wanda ya san hanya. Ni ma haka nake kallon kaina.

Ga wanda bai taɓa nema ba, bari in ɗan yi bayani. Yawancin ƙasashen Turai sun haɗa iyakokinsu a ƙarƙashin yarjejeniyar Shengen, wadda aka sa wa hannu a 1985 a wani ƙauye mai wannan suna a Luksambog. Yau ƙasashe 29 ne a ciki, kuma biza ɗaya ta isa ka zaga su duka. Ana nema ne a ofishin jakadancin ƙasar da za ka fi daɗewa a cikinta. Kuɗin biza Yuro 90 ne ga babba tun watan Yunin 2024. Sai inshorar lafiya wadda za ta iya biyan aƙalla Yuro 30,000. Fasfo kuma ya zama bai haura shekara 10 da bayarwa ba, yana da shafi biyu da ba a taɓa ba, yana kuma da sauran wata 3 bayan ranar da za ka fita. Duk waɗannan na san su kamar tafin hannuna. Na cike wa Baba fom da kaina, na raka shi aka ɗauki hoton yatsunsa.

A cikin fom ɗin akwai wani ɗan gurbi da ke tambaya: shiga nawa kake nema? Ɗaya, biyu, ko da yawa? Na ce a raina tafiya ɗaya za mu yi, kuma mai neman farko gara kada ya yi haɗama. Na zaɓi ɗaya. Abin da na roƙa shi aka ba ni. Da fasfo ya dawo, na duba ranar farawa da ranar ƙarewa, na duba sunan Baba, na yi hamdala na jefa shi a jaka.

Bayan bizar ta fito ne auta ta kira ni da murna. "Yaya, na ga rangwame a wani jirgin yawon shaƙatawa, kwana bakwai a Bahar Rum. Ka tuna maganar Baba?" Irin manyan jiragen nan ne masu hawa-hawa kamar unguwa guda a kan ruwa, su yi tafiyar dare, gari ya waye a wata tashar, fasinjoji su sauka su yini su dawo. Jerin tashoshin shi ne: Basalona, Marsai a Faransa, Jenowa, tashar da ke kusa da birnin Rum, Palermo a tsibirin Sisili, sai Tunis, sannan a dawo Basalona. Na ga Tunis ɗin da idona. Abin da ya zo mini kawai shi ne bizar Tunisiya, sai na ce ai da sauƙi, ranar ba za mu sauka ba, mu yi zamanmu a cikin jirgi. Muka haɗa kuɗi ni da ita muka biya ɗaki na mutum biyu mai taga. Kuɗin ba kaɗan ba ne. Ni dai sai da na taɓa jarina.

Ba mu gaya wa Baba ba sai da muka kwana uku a Basalona. Ranar da ya ji, bai ce komai ba na ɗan lokaci. Can ya ce a goge masa farar shaddarsa, ya kuma tambaya ko jirgin na da wurin da mutum zai tsaya ya ga yadda ake kwance igiya.

Ranar tafiya muka isa tasha da hantsi. Jirgin na tsaye a bayan gilashi, ya tare rabin sama. Baba yana tafe yana ɗaga kai har hularsa na neman faɗuwa. Muka bi layi muka kai kan teburin rajista. Ma'aikaciyar ta karɓi fasfona, ta buɗe, ta yi murmushi ta ajiye. Ta karɓi na Baba, ta buɗe, sai murmushin ya ɗauke. Ta juyo da shafin bizar wajena, ta ɗora yatsa a kan wani layi. A nawa an rubuta MULT, wato in shiga in fita iya son raina. A na Baba an rubuta 01.

Mijin auta ne yake mana tafinta. Ta ce shigar da aka ba Baba guda ɗaya ce, kuma ya riga ya yi amfani da ita ranar da ya sauka a filin jirgin sama. Muddin yana yawo tsakanin Sifaniya da Faransa da Italiya, yana cikin gida ɗaya ne, babu matsala. Amma da zarar jirgi ya bar Palermo ya nufi Tunis, ya fita daga Shengen, bizar ta mutu ke nan. Dawowa Basalona shiga ce ta biyu, shi kuwa ba shi da ita.

Na ce ai ba za mu sauka a Tunis ba, ko ƙofar ɗaki ba za mu buɗe ba. Ta girgiza kai. Ta ce jirgin ne yake fita, kuma duk wanda ke cikinsa ya fita tare da shi. Ba ta ma kai ga maganar bizar Tunisiya ba. A nan na gane ashe "na shiga ban ɗauka ba" ba ta fid da ɓarawo ko a kan teku. Na ce to a bar mu mu sauka a Palermo mu hau jirgin sama mu dawo. Aka kira shugabanta, ya saurare ni da mutunci, ya ce irin wannan sauyi tun kafin ranar tafiya ake nemansa a rubuce, ba a kan tebur ba. Na tambayi ko akwai ofishin da za a ƙara mana shigar. Ya ce ba a sauya biza a bakin tasha. Na tambayi kuɗinmu. Ya nuna mini sakin layi a cikin sharuɗɗan da na danna "na amince" ban karanta ba: takardun tafiya alhakin fasinja ne, wanda aka hana shiga saboda su ba a mayar masa da kuɗi.

Ban ga laifinsu ba ko a lokacin, balle yanzu. Kamfanin da ya ɗauko mutum ba shi da izinin shiga, shi hukuma take kamawa da tara da kuma ɗawainiyar mayar da shi. Shi ya sa suke tacewa tun a ƙofa.

Ni an ce ina iya shiga. Wannan ita ce maganar da ta fi yi mini ciwo a ranar.

Duk abin nan Baba yana zaune a kan kujera da jakarsa a cinya, yana kallon bakinmu. Ba ya jin yaren, amma wanda ya yi shekaru yana duba takardun jirgi ba sai an fassara masa fuskar akawu ba. Na je na durƙusa a gabansa, na rasa ta inda zan fara. Shi ya riga ni.

"Mai sunan Malam, takarda ce ba ta cika ba?"

Na ce, "Ita ce, Baba. Kuma ni na yi kuskuren."

Ya miƙo hannu na ba shi fasfon. Ya sa tabarau, na nuna masa sifili da ɗayan. Ya daɗe yana kallonsu. Sai ya ce, "Yarinyar nan ta yi aikinta. Ni ma na tsare kayan mutane a Apapa a kan abin da bai kai wannan ba, suna roƙo ina cewa a'a. Tashi, kada ka tara mana jama'a."

Da ya yi faɗa da na fi samun sauƙi. Abin da ya roƙa kawai shi ne mu tsaya ya ga tashin jirgin. Muka sami wuri a waje muka zauna har yamma. Aka kwance igiyoyi, jirgin ya yi ƙara, ya ja da baya a hankali ya juya. Baba yana ta yi wa jikansa bayanin abin da ake yi, ni kuwa na kasa ɗaga ido.

Mijin auta ne ya fitar da ni kunya. Da dare ya ce akwai jiragen fito da ke tashi daga Basalona zuwa Palma a tsibirin Mayoka, tafiyar sa'o'i bakwai zuwa takwas, kuma duk cikin Sifaniya ne, babu iyakar da za a tsallake. Bayan kwana biyu muka hau na dare, mu da manyan motocin kaya da direbobinsu. Babu wurin wanka na alfarma, babu masu kiɗa. Na kama mana ɗan ɗaki mai gado biyu, amma Baba ya ƙi kwanciya. Ya naɗe da bargo ya zauna a waje yana kallon fitilun gari suna nisa har suka ɓace. Na ce, "Baba, ai kwana kuka ce kuna so ku yi a jirgi." Ya ce, "Wanda ya jira shekara hamsin ba ya zuwa ya yi barci." Da asuba, tsibirin ya fara bayyana, ya dafa kafaɗata ya ce, "To, na kamo Malam."

Na ji daɗin maganar, amma ban yaudari kaina ba. Dare ɗaya ba kwana bakwai ba ne, kuma ban san ko jikinsa zai sake ba mu damar wata tafiyar ba.

Ga abin da na koya da tsada, ko zai amfani wani. Tikitin jirgin yawo ba izinin shiga ko'ina ba ne. Kafin ka biya ko sisi, ɗauki jerin tashoshin ka bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa, kana tambaya: wannan a wace ƙasa take, kuma me take nema daga mai irin fasfona? Kada ka dogara da abin da wani mai fasfon Turai ko Amurka ya gaya maka, domin ƙofar da aka buɗe masa ba lalle a buɗe maka ba. Ka sani ba duk Turai ce Shengen ba: Birtaniya da Ayalan suna da tasu bizar daban, Turkiyya ma haka. Duk inda jirgi ya leƙa waje ya dawo, ka ƙirga shiga ta biyu, ka nemi biza mai shiga biyu ko mai yawa, ka haɗa da jerin tashoshin a cikin takardunka domin a ga dalili. Wasu ƙasashen sukan sassauta wa fasinjan da zai yini ɗaya ya wuce, wasu ba sa yi, kamfanoni da yawa kuma sukan nemi bizar kowace tasha ko da ba za ka sauka ba. Saboda haka ka tambayi kamfanin a rubuce, ka kuma tambayi ofishin jakadanci, ka ajiye amsar. Kamfanoni da dama sukan so fasfo ya kasance da sauran wata 6 bayan ƙarshen tafiya, ba 3 ba. Katin nan rawaya na rigakafin cutar shawara ma ka riƙe shi, domin akwai tashoshin da ke tambayar wanda ya fito daga ƙasashenmu. Yana fara aiki kwana 10 bayan allura, kuma tun 2016 ba ya ƙarewa. In kuma kuna tafiya ku biyu, ka buɗe fasfon kowa ka karanta dabam. Nawa ne ya rufe mini ido ga na Baba.

Da ban taɓa fita ba, da na yi tambaya. Sabo ne ya sa na ga kamar na wuce tambaya, kuma gaskiyar masu iya magana, ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Fasfon yana wurin Baba a Kano, cikin akwatin da yake ajiye takardun fanshonsa. In baƙi suka zo yakan ba su labarin daren Palma, da sanyin iska, da yadda ruwa ke komawa baƙi ƙirin in an yi nisa da gari. Bai taɓa ambatar babban jirgin ba, ko sau ɗaya. Ni ne dai har yau in na ga an rubuta 01 a ko'ina, ko a rasitin mai, sai gabana ya faɗi.

Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya, ya ba mu ikon kyautata musu da ilimi, ba da zato ba.