Kafireton boksina da kuɗin auren ɗana

A Sudan boksi ake ce wa a-kori-kura, kuma da yawa daga cikin masu zirga-zirga tsakanin Mai Wurno da Sinnar sun girmi direbobinsu. Tawa Hilux ce mai shan fetur, ƙirar 1986. Da ita nake kwasar albasa da mangwaro da ayaba daga gonakin bakin kogi, wani lokaci har Wad Madani. Gida biyu take ciyarwa, nawa da na ƙanena marigayi.

Bara ta soma shan mai fiye da ƙima. Da safe sai yara sun tura, in na tsaya a shinge ta mutu, salansa na ta baƙin hayaƙi, fulogi kuwa in ka kwance kamar gindin tukunya. Wanda ke Kano ko Jidda zai ce ai ƙaramin abu ne. To mu nan, bayan da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 matatar Jaili ta tsaya, mai a jarka muke sayensa, ga tsada, ga laka a ƙasa, wani ma har da ruwa. Da na yi lissafi a bayan littafin bashi, sai na ga hayaƙin nan ribar tafiyar yake cinyewa.

Babban ɗana yana aiki a wani kanti a Jidda. Ya ce mini a waya, "Baba, don Allah ka huta da tsohon ƙarfen nan. Zan turo ta Bankak ka sayi sabon kafireto, in Allah ya hore mu canja motar gaba ɗaya." Na san abin da yake nufin turowa. Kuɗin aurensa ne, shekara uku yana tara su.

Na kai wa ustan da ke duba mini ita a unguwar makanikai ta Sinnar. Aikin kafireto shi ne gauraya iska da mai, kusan kashi 15 na iska a kan kashi 1 na fetur in za a auna nauyi. Akwai 'yar kwarya da mai ke taruwa, da abin da ke yawo a kansa yana tura allura ta toshe hanya in ta cika. In allurar ta cinye, mai sai ya yi ta malala. Wannan kowane yaron gareji ya sani, shi ya sa in ka je sai a wanke, a busa, a karɓi kuɗi, bayan sati biyu ka dawo. Usta bai fara da wanki ba. Ya kama sandar da totur ke juyawa ya girgiza, tana ta ƙwal-ƙwal a raminta. Ya tayar da inji, ya ɗiga fetur a bakin sandar, nan take muryar inji ta sauya.

"Alhaji, ka ji ɓarawon," in ji shi.

Ƙurar habub ta shekara da shekaru ta goge ramin ya faɗaɗa, iska na kutsowa ta inda ba a gayyace ta ba. Duk makanikin da motar ta bi ta hannunsa sai ya ƙara buɗe sukurun mai don ta daina mutuwa, wani kuma ya zura waya a 'yan ramukan da mai ke bi ya ƙara musu faɗi. Waya ba ta da wurin zama a cikin kafireto, iska kawai ake hurawa.

An nuna mini sabo a kwali, yana ƙyalli, ba sunan kamfani ba lamba. Na ɗaga na ji shi sakayau kamar gwangwani. Irin waɗannan wani ya yi maka shekara, wani tun ranar farko ba ya saituwa, kuma in ya lalace ba ka da kayan gyaransa. Batun canja mota kuwa ban ma tsaya dogon tunani ba. Mota mai kwamfuta tana son mai tsaftatacce da na'urar da za ta karanta ciwonta. Lokacin da Madani ta faɗi a Disambar 2023, da kuma Sinja a Yunin 2024, na ga irinsu a yashe a gefen hanya, masu kyan kuma masu bindiga sun karɓe. Tawa an dube ta an yi tsaki.

Mai injin sassaƙa ƙarfe ya fafe ramin, ya dasa zoben tagulla a kowane gefe, sandar ta zauna daram. Usta ya sa sabuwar allura da gasket, ya samo ramukan mai na asali daga wani mataccen kafireto, muka sauke tanki aka wanke tsatsa. Kwana biyu aka yi, kuɗin bai kai rabin na kwalin ba. Yanzu bugu ɗaya take tashi, kuma ba na zuba mai sai na tace da ƙyalle.

Na ce wa yaron ya riƙe kuɗinsa. Bai ji daɗi ba, ya ce kullum sai na nuna masa shi yaro ne. Daga baya uwarsa ta sasanta mu, na yarda ya sayi matatar iska guda biyu ya ba wani mai dawowa ta Bur Sudan. Usta dai ya faɗa mini gaskiya tun a gareji: zoben zai kai ni 'yan shekaru, amma sandar kanta ta sirance, in ta sake yin wasa sai dai a nemo wata.