New Orleans Daga Biki Zuwa Biki

Birnin New Orleans yana kudancin Amurka, a jihar Luwiziyana, inda kogin Misisipi ya yi gwiwa kafin ya gangara teku. Faransawa ne suka kafa shi a 1718, ya shiga hannun Sifaniyawa na kusan shekara 40, sannan Amurka ta saye shi da dukan yankin daga Faransa a 1803. Wajen rabin ƙasar garin ta fi teku kwari, don haka madatsai da injinan janye ruwa ne ke riƙe da shi. Gari ne da ke tafiya da lokaci. Abin da baƙo zai ci, da abin da zai tarar a kasuwa da gidajen tarihi, har kuɗin ɗakin da zai kwana, duk watan da ya sauka ne ke yanke su.

Matafiyin da ya taso daga ƙasar Hausa ya sauka a ƙarshen sanyi, abin da ya fara ɗaukar idonsa tun a filin jirgi launi uku ne: shunayya da kore da ruwan zinari. Suna jikin tutoci, suna ƙofofin gidaje, suna kan burodi. Launukan bikin Mardi Gras ke nan. Ana buɗe kakar bikin ranar 6 ga Janairu, a rufe ta ranar Talatar da ke zuwa dab da fara azumin Kirista na kwana 40, kuma Talatar takan faɗo tsakanin 3 ga Fabrairu da 9 ga Maris. A tsawon makonnin nan kowane ofis da kowane gida yana sayen wani zagayayyen burodi mai zaƙi da aka ɓoye ’yar tsanar roba a cikinsa. Wanda ta faɗo a rabonsa, shi zai sayi na gaba.

Masauki shi ne wahalar farko. Wanda bai kama ɗaki watanni kafin biki ba, abin da ya rage zai samu, da kuɗi ninki, kuma sai ya biya na kwanaki da yawa a dunƙule ko da ba zai cika su ba. Matafiyin ya faɗa wani tsohon gida da aka yayyanka da katako aka mai da shi ɗakuna. Bangon yana tsatsafo da danshi, darduma tana warin ruma, tagar ba ta rufuwa, tarin maƙwabci kuwa kamar a kan gadon mutum ake yin sa. Ba a taɓa ganin mai gidan ba; lambar buɗe ƙofa aka turo ta waya. Wannan ya fi danshin ciwo. A gida, fatake sun san mai masauki: shi zai tarbi baƙo, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da masu saye, ya tsaya masa idan rigima ta taso. Masaukin da babu mai cewa sannu da zuwa a cikinsa, rufin kwano ne kawai.

Yawancin baƙi titin Bourbon suke nufa, a tsohuwar unguwar Faransawa, kuma nan ne mafi ƙarancin abin gani. Dokar garin ta yarda a sha giya a titi muddin ba a kwalba take ba, saboda haka daga la’asar zuwa asuba titin cunkoso ne da ihu da wari. Gidajen unguwar dai suna da kyau, da barandodinsu na ƙarfe mai ado. Yawancinsu an gina su ne bayan gobarar 1788 da ta 1794 da suka cinye ginin Faransawa na farko. Sha biyun daren Talatar ƙarshe ’yan sanda kan shigo titin a kan dawakai, alamar biki ya ƙare.

Bikin mutanen gari yana titin St. Charles, ƙarƙashin manyan itatuwa. Iyalai kan fito tun safe da kujeru da tukwane, su kafa tsani mai ɗan akwati a samansa su zaunar da yara don su hango. Sai ’yan badujalar makarantun sakandare su wuce, manyan amalanke masu hawa biyu su biyo baya, tarakta na jan su, mutanen da ke kai sun rufe fuska suna watso sarƙoƙin roba da kofuna da ’yan tsana. Ƙungiyoyi ne ke shirya jerin gwanon daga aljihunsu, kowane mahayi shi ke sayen abin da zai watsa, kuma doka ta hana tallan kamfani a jikin amalanke. Ƙungiyar Rex tana fita tun 1872. Ta Zulu, wadda baƙaƙen fata suka kafa a farkon ƙarni na 20, ita ce ke miƙa kwakwar da aka yi wa fenti, kyautar da kowa ke nema. Mai busa ƙaho Louis Armstrong ya yi sarautarta a 1949. Kyautar abin yabo ce, ɓarnar kuwa ba ta da kyan gani: a 2018 hukumar garin ta sanar da ciro sarƙoƙi fiye da tan 40 daga magudanun ruwa na ɗan wani yanki na titin. Kuma wanda ya saba da hawan Sallah, inda kowane hakimi ke da gurbinsa kuma kowa ya san wa ake wa jinjina, zai ga hayaniyar nan ta fi tsarin yawa.

Abin da ya fi cancanci tsayuwa ba ya kan babban titi. A unguwannin baƙaƙen fata irin su Tremé da Central City akwai ƙungiyoyin da ake kira Indiyawan Mardi Gras, masu girmama ’yan asalin ƙasar da suka ba bayin da suka gudu mafaka. Kowane mutum da hannunsa yake ɗinka shigarsa, shekara guda cur, da allura da zare da ’yan mitsi-mitsin duwatsun ado. A ƙirji ko a cinya za a ga hoton doki ko gaggafa ko yaƙi, dutse kusa da dutse babu inda yadi ya leƙo, gashin jimina da aka rina ya kewaye shi ya yi sama da kai. Shigar tana da nauyi ƙwarai, kuma badi sai sabuwa. Suna fita da bandiri da waƙar amshi, ba su sanar da hanyar da za su bi. Idan shugabannin ƙungiya biyu suka haɗu, sai kowa ya buɗe fuka-fukansa a ga wa ya fi kyau. Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai ɗinkin aska takwas ya san ciwon ido da na baya da ke cikin aikin nan. Baƙon da ya rasa su ranar Talata zai iya samunsu a Lahadin da ke kusa da 19 ga Maris, ko ya ga tsofaffin shigar a ƙaramin gidan tarihi na Backstreet da ke Tremé.

A bakin unguwar ta Tremé ne Dandalin Kwango yake, cikin lambun da aka sa wa sunan Armstrong. Nan bayi kan taru ranar Lahadi su yi kiɗa da rawa, su sayar da abin da suka noma ko suka dafa. Dokar 1817 ta taƙaita taron nasu a wannan fili kaɗai. Mafi yawan bayin zamanin Faransawa daga yankin Senegal da Gambiya aka kwaso su, amma a cikin tsofaffin takardun cinikin bayi na Luwiziyana akwai waɗanda aka rubuta cewa Hausawa ne. Bahaushe ba zai tsaya a filin nan kamar sauran ’yan kallo ba.

Kasuwar Faransawa, wadda ke shimfiɗe a gefen kogi, ana lissafa ta daga 1791, ko da yake ’yan asalin ƙasar suna ciniki a wurin tun kafin nan. A bakinta akwai Café du Monde, shagon kofi da aka buɗe a 1862, inda ake kawo fanke mai kusurwa huɗu, uku a faranti, an binne shi da garin sukari, da kofi da madara. Kafin shagon, wata baiwa mai suna Rose Nicaud ce ta yi suna da sayar da kofi a kasuwar, har ta fanshi kanta da ribarsa. Yau rabin rumfunan tsaraba ce: riguna, abin rufe fuska, kwalaben barkono, alewar sukari da ’ya’yan itacen pecan. Ana ɗan taya kaya a ƙarshen kasuwar, amma babu jan ciniki na albarka da sallama, babu gyara, kuma wanda ya san Kurmi ko Kantin Kwari zai gama zagaya ta kafin ya yi gumi. Cefanen gaske yana kasuwannin manoma da ke ci a unguwanni ranaku daban-daban, da kasuwar ’yan Biyetnam a gabashin gari, wadda ke ci da asubar Asabar ta watse da hantsi. A nan ne kaka ke nuna kanta: lemo da sanyi, tumatir a Yuni, kuɓewa da zafi.

Tukunyar garin ba baƙuwa ba ce ga ɗan Afirka ta Yamma. Gumbo miya ce mai kauri da ake zubawa a kan shinkafa, ana ɗaure ta da soyayyen fulawa, da kuɓewa ko da garin busasshen ganyen sassafras da aka koya daga ƙabilar Choctaw, wanda ke aiki irin na kuka. Jambalaya dafa-duka ce. Ranar Litinin jan wake da shinkafa ake ci, tun zamanin da Litinin take ranar wanki, a bar wake yana dahuwa a hankali. Sai dai Musulmi ya buɗe baki ya yi tambaya a kan kowane kwano, domin kyafaffen naman alade yana cikin waken, yana cikin dafa-dukar, sau da yawa yana cikin miyar da aka ce ta kifi ce. Abin da ya fi sauƙi shi ne po’boy na soyayyen kifi ko jatan lande, dogon burodi da aka tsaga aka cika, wanda ya samo asali a yajin aikin ma’aikatan jirgin ƙasan cikin gari na 1929. Akwai masallatai da shagunan halal a Metairie da tsallaken kogi, akwai kuma gidan abincin Bennachin a titin Royal mai girkin Gambiya da Kamaru. Manyan gidajen abinci suna da tarihi: Antoine’s tun 1840, da Dooky Chase’s inda marigayiya Leah Chase ta ciyar da jagororin gwagwarmayar ’yancin baƙaƙen fata a ɗakin sama, lokacin da doka ta hana baƙaƙen fata da farare zama tare. Ko’ina mutum ya ci, tukuicin mai kawo abinci wajen kashi 20 cikin ɗari ne, kuma ba a ɗaukarsa a matsayin ganin dama, don da shi ma’aikatan ke rayuwa.

Daga Maris zuwa Mayu kakar jatan landen ruwan daɗi ce, kuma a tsakar gida ake cin ta. Wata dattijuwa da matafiyin ya tambaya hanya a tashar mota, da ta ji daga inda ya fito, sai ta ce, “Ɗana, Asabar ka zo gidana.” Ya tarar da ƙatuwar tukunya a kan murhun gas, ruwa ya yi ja da barkono, lemon tsami da tafarnuwa da albasa suna iyo, ga masara da dankali. Da ya faɗi abin da ba ya ci, ba ta yi jayayya ba. Ta sa ɗanta ya dafa zubin farko tukuna, aka ajiye naman alade sai zubi na biyu. Aka juye a kan dogon tebur da aka shimfiɗa wa jaridu, kowa ya tsaya da hannu. Jikanta ne ya koya masa: a murɗe kai, a matse wutsiya, a zaro ɗan naman. Aikin ya fi naman yawa, yajin yana sa hawaye, amma cin taro ne da hannu, ba mai ƙirga lomar wani. Da zai tafi ta cika masa leda, ta raka shi har bakin titi. Irin wannan karamci shi ne ya wanke ɗacin masaukin.

Afrilu wata ne na kiɗa. Bikin unguwar Faransawa yana zuwa da farko, kyauta, tun 1984. Sai babban bikin jaz da al’adu, wanda aka fara a Dandalin Kwango a 1970, yanzu ake yin sa a filin sukuwa daga ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu. Rumfunan abinci da na masu sana’ar hannu sun kai dandamalin kiɗan jan mutane.

Daga nan zafi da danshi suke sauka, kuɗin ɗaki ya faɗi, yara su yi layin ƙanƙarar da aka kankare aka zuba mata zaƙi. Kakar guguwa tana daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba. Lokacin shiga gidajen tarihi ne. A gidan tarihin Presbytère akwai nunin guguwar Katrina ta 29 ga Agustan 2005, wadda ta fasa madatsai ruwa ya rufe kashi 80 cikin ɗari na garin. Gidan tarihin Yaƙin Duniya na Biyu, da aka buɗe a 2000, yana cin yini guda. Asabar ta farko a Agusta shagunan zane na titin Julia kan buɗe sabbin nune-nune da dare, mutane su fito cikin fararen kaya. Daga 2008 kuma an riƙa yin Prospect, baje kolin fasahar zamani da kan watsu a sassan gari kusan duk shekara uku. Wanda ke da mota kada ya bar gonar Whitney, tafiyar kamar awa guda yamma da gari, wadda aka buɗe a 2014 don ba da tarihin bauta daga bakin bayin. Masanin tarihi ɗan Senegal Ibrahima Seck ne ya jagoranci bincikenta, kuma an zana sunayen bayin a jikin duwatsu.

A Disamba ana ƙawata tsofaffin itatuwan lambun City Park da fitilu, gidajen abinci su fito da jerin girkin réveillon na ƙarshen shekara, ƙauyukan da ke sama da gari kuma su kunna manyan wutar itace a kan madatsar kogi a jajiberin Kirsimeti.