Kwalba mai zafi da akwatin kwaikwayo

Jitar lantarki ba ta da murya tata ta kanta. In ka kaɗa tsirkiyarta ba a jona ta da komai ba, wanda ke bakin ƙofa ma ba zai ji ba. Muryar da muke ji a gidan biki daga amfilifaya take fitowa, akwatin nan da makaɗi ke jinginawa a bayansa. A kan wannan akwati makaɗan duniya suka shafe fiye da shekara 20 suna jayayya: wasu sun riƙe tsohon mai kwalabe, wasu sun koma ga sabuwar na'urar dijital mai kwaikwayon muryarsa.

Wanda ya girma da tsohuwar rediyon katako ya san kwalbar da nake nufi. Gilashi ce da aka zuƙe wa iska, a cikinta akwai siririyar waya da ke yin ja in wuta ta shiga, shi ya sa sai an jira rediyon ta ɗumama kafin ta yi magana. Lee de Forest na Amurka ya ƙirƙiro irin wadda ke ƙara ƙarfin sauti a 1906. Tiransista ta zo a 1947, ta kori kwalba daga rediyo da talabijin da kwamfuta, amma ta kasa korar ta daga hannun makaɗan jita. Dalilin kuwa abin mamaki ne: aibin kwalbar suke so. Idan aka matsa mata fiye da ƙarfinta ba ta tsagewa farat ɗaya, sai muryarta ta dushe a hankali, ta yi kauri, kamar maroƙin da ya kwana yana kirari. Ka taɓa tsirkiya da taushi ta amsa da taushi, ka doke ta ta yi gurnani. Injiniyoyi sun ɗauki wannan a matsayin illa, makaɗan Amurka da Ingila suka mai da shi ado.

Amma ado ne mai tsada. Fender Twin Reverb ya kusa kilo 30. A cikinsa akwai wuta fiye da bolt 400, wadda kan maƙale ko bayan an zare waya daga bango, tana iya hallaka mai ƙaramin sani. Kwalaben suna tsufa, kuma masana'antun da suka rage suna yin su 'yan kaɗan ne, a Rasha da Sulobakiya da Sin. Da yaƙin Yukiren ya ɓarke a 2022, farashinsu ya tashi, makaɗa suka shiga rububin saye suna ɓoyewa.

Ita kuwa na'urar kwaikwayo kwamfuta ce ƙarama. Tana karɓar sautin jita, ta mai da shi lissafi, ta lissafa yadda kwalba za ta yi da shi, ta fitar. Kamfanin Line 6 ya fito da POD a 1998, jan abu mai siffar ƙwayar wake. Axe-Fx ya biyo baya a 2006. A 2011 Kemper na Jamus ya zo da wata dabara dabam: ana jona shi da amfilifaya na gaske, ya tura masa wasu sautuka na gwaji, ya saurari amsar ta makirufo, cikin 'yan mintoci ya adana kamanninsa. Yau akwatin da yaro zai rataya a kafaɗa yana ɗauke da muryoyin amfilifaya da dama, har Metallica, waɗanda sunansu ya ginu a kan rugugin kwalba, da Axe-Fx suke hawa dandamali.

Masu riƙon tsoho sukan ce kama da wane ba ta wane. Ina girmama maganarsu, amma akwai abin da suke tsallakewa. Marshall na farko da Jim Marshall ya haɗa a Landan a 1962, wanda suke kira asali, daga tsarin Fender Bassman aka kwafo shi, sai dai kayan da aka samu a Ingila suka sauya masa murya. Ashe asalin ma kwafi ne da ya yi dace.

Maganar ta same ni ne ta hanyar aiki. Samarin unguwarmu a nan Kumasi, masu kiɗa a bukukuwan aure da suna, sun kawo wa maigida takarda suna neman tallafi daga asusun jama'a domin kayan sauti, kuma kansu a rabe yake. Maigida ya ce in bincika in rubuto masa shawara. Na sa aka kawo duka biyun tsakar gida bayan la'asar, na juya baya, aka kaɗa mini ɗaya bayan ɗaya. A wurin da babu hayaniya, makaɗin ya ce yatsunsa suna jin bambanci, kwalba tana ba da kai kamar igiyar guga, na'urar kuwa tsaye take. Ban musa masa ba, yatsunsa ne. Ni dai kunnena bai rarrabe ba, balle a gidan biki, inda janareta ke ruri, mata na guɗa, kalangu na amsawa.

Na rubuta cewa a sayi na'urar. Duk wanda ya ga shekarun dumsor ya san abin da wuta mai zuwa da komawa ke yi wa kaya masu nauyin gyara. Ga ƙurar hunturu, ga kuɗin motar ɗaukar kaya daga Aboabo zuwa Asawase, ga kwalbar da in ta fashe sai an aiko da ita daga ƙetare. Kuɗin jama'a amana ne, ba a zuba shi a kan bambancin da mutum ɗaya kaɗai ke ji.

Duk da haka zuciyata ba ta kwanta sarai ba, saboda abu biyu.

Na farko, gyara. Tsohon amfilifaya littafi ne buɗaɗɗe; mai gyaran rediyo da ƙarfen dalmarsa zai bi wayoyinsa ɗaya bayan ɗaya har ya gano mai ciwon. Mu da ke da Suame Magazine a garinmu mun san darajar abin da hannu ke iya tayarwa. Na'urar dijital kuwa in allonta ya ƙone, sau da yawa ta zama abin tokare ƙofa, kuma rayuwarta na rataye da manhajar kamfanin da bai san da zamanmu ba.

Na biyu ya fi damuna. Na sa yaron ya karanto mini sunayen muryoyin da ke cikin akwatin. Duka na amfilifayan Amurka ne da Ingila da Jamus, yawancinsu an tsara su domin kiɗan rok mai gurnani. Ina muryar jitar hayilaif? Su E.K. Nyame da Nana Ampadu ba gurnani suka nema ba, tsabtar sauti suka nema, tsirkiya ta yi ƙara kamar ƙararrawa, kowace ƙwaya a rarrabe. Ina muryar makaɗan Agadas, wadda ta taso daga ƙananan amfilifaya masu batir da ake murɗawa har ƙarshe a filin biki? Ita ma aibin na'ura ce da ta zama ado, amma ba a cika saka ta cikin jerin ba. Abin da nake tsoro shi ne yaro ya buɗe akwati, ya tarar da muryoyin wasu a shirye, ya zaɓi ɗaya, ya girma bai taɓa neman tasa ba. Kiɗanmu ya riga ya yi asara sau ɗaya, lokacin da dokar hana fitar dare ta farkon shekarun 1980 ta rufe wuraren rawa, makaɗa suka watse, kayansu suka ruɓe a ɗakuna.

Akwai wani dattijo mai gyaran rediyo a unguwarmu, ido ya fara yi masa nauyi. A ƙarƙashin teburinsa akwai amfilifayan da ya yi ta facinsa shekara da shekaru: taransifomar an sake naɗa ta da hannu, lasifikar daga wata tsohuwar rediyo aka ciro, kwalaben ba ma jinsi ɗaya ba ne. Babu kamfanin da ya taɓa ƙera irinsa, kuma da shi aka yi bukukuwan iyayen yaran nan da yawa. Ya ce kwalba biyu suka rage masa a cikin gwangwanin madara.

Saboda haka na ƙara sharaɗi a ƙarshen takardar: na'urar da za a saya ta kasance irin mai iya ɗaukar kamannin amfilifaya, kuma aikinta na farko shi ne a kai ta shagon dattijon, a jona ta da wancan akwati tun yana numfashi, a adana muryarsa da sunan unguwa. Sannan yaro ɗaya daga cikin ƙungiyar ya riƙa zama wurinsa ranakun Asabar yana koyon riƙon dalma. Maigida ya sa hannu. Da aka gaya wa dattijon, ya yi shiru, sannan ya ce a zo da safe, domin wutar layinsu ta fi tsayawa kafin azahar.