Bashi Hanji Ne: Ɗalibin Fizikis da Ma'auninsa

Hausawa kan ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. A da, ɗalibin jami'a a bakin 'yan kasuwa yakan ji wannan karin magana, amma tun daga shekarar 2024, lokacin da asusun ba ɗalibai rance na NELFUND ya fara aiki a Nijeriya, maganar ta shigo har ɗakunan kwanan ɗalibai. Wanda abin ya fi tsaya wa a rai kuwa shi ne ɗalibin Fizikis, watau ilmin da ke binciken haske da zafi da lantarki da motsin abubuwa, domin shi ba kamar mai karatun likita ko lauya ba ne, wanda sunan karatunsa shi ne sunan aikinsa.

Akwai wani ɗalibi a wannan fanni, ɗan manomi, da ya je gida neman izinin mahaifinsa kafin ya nemi rancen. Tsohon ya saurare shi har ya gama, sa'an nan ya ce, "Ɗana, ban hana ka ba. Amma ni in na ci bashin taki, na san gonar da za ta biya. Kai ina taka gonar?" Yaron ya sunkuyar da kai, ya ce, "Baba, a ba ni lokaci in yi lissafi."

Ga yadda lissafin ya kasance. Rancen ba shi da ruwa, saɓanin na Amurka inda bashi ke hayayyafa tun ɗalibi bai fara cin albashi sosai ba. Ana fara biya ne shekara 2 bayan bautar ƙasa, ta hanyar cire kashi 10 cikin 100 na abin da mutum ke samu. A ƙaddara kuɗin rajista Naira 100,000 ne a shekara. A shekara 4 ya zama 400,000. In ya haɗa da kuɗin guzuri na Naira 20,000 kowane wata, an ƙara 960,000, jimla 1,360,000 ke nan. Mai ɗaukar mafi ƙarancin albashi, wanda aka ƙayyade Naira 70,000 a 2024, zai riƙa biyan 7,000 a wata, ya shekara 16 bai gama ba. Wanda kuwa ke samun 200,000, kafin shekara 6 ya sauke nauyin. A nan yaron ya gane abu biyu: kuɗin cin abinci ya fi kuɗin karatu nauyi a cikin bashin, kuma tsawon wahalar biya yana rataye ne a kan irin aikin da mutum ya samu.

To, ina gonar? Da yawa daga cikin masu wannan digiri koyarwa suke komawa a makarantun sakandare, aiki mai daraja amma mai ƙarancin albashi. Akwai wuraren bincike, irin su Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, wadda ke da na'urar nukiliya ta bincike tun 2004, da takwararta ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da hukumar sararin samaniya da aka kafa a 1999, sai dai guraben kaɗan ne, kuma galibi sai da babban digiri. Amma ba nan kaɗai abinci yake ba. Wanda ya fahimci lantarki yana iya haɗa wutar sola. Wanda ya san yadda ake auna ƙasa yana iya nuna wa masu haƙa rijiyar burtsatse inda ruwa yake. Wanda ya goge a lissafi, aikin kwamfuta ba ya gagarar sa. Watau dai takardar digiri garma ce, ba ta noma da kanta.

Daɗin daɗawa, akwai batun amana. A 1972, zamanin Janar Yakubu Gowon, an taɓa kafa hukumar ba ɗalibai rance, amma ta durƙushe, kuma rashin biya na cikin manyan dalilai. Duk wanda ya ci ya ƙi biya, ƙofa ya rufe wa ƙanensa.

Saboda haka yaron ya yanke shawarar karɓar kuɗin rajista kaɗai, ya riƙa bin masu haɗa sola lokacin hutu don samun na abinci da kuma ƙwarewar hannu. Ba kowa ne zai iya bin wannan hanya ba, domin wani ba shi da ko na kwano ɗaya sai da guzurin. Amma kowa yana iya zama ya yi lissafinsa tun kafin ya sa hannu, da yake da ma lissafi shi ne sana'ar mai Fizikis. Allah Ya sa a dace.