Ɗaki Uku a Banifandu

Wanda zai je Yamai daga Kano ta mota sai ya ɗaura ɗamarar zama. Katsina, Jibiya, Maraɗi, sannan a miƙa yamma kusan kilomita 660, a ratsa Birnin Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso. Gab da shiga gari, a wajen Kure, in kana da rabo za ka hangi raƙuman dawa suna kiwo a gonakin mutane, ba shinge ba makiyayi. Na gan su. Na tsaya kan gadar Kennedy, wadda aka buɗe a 1970, na kalli Kogin Kwara da mutanen can ke kira Isa. Na shiga gidan tarihi na Bubu Hama na ga ƙasusuwan manyan dabbobin da suka ɓace, waɗanda aka tono a hamadar Agadas. Duk na ba da labarinsu a gida, aka riƙe baki, aka wuce. Gidan kawuna a unguwar Banifandu shi ne ya ƙi barin raina har yau.

Danginmu na wajen uwa mutanen Maraɗi ne, Kawu kuma yayan mahaifiyata ne. Ya yi aikin gwamnati a Yamai har ya yi ritaya, ya gina gidan bene a Kwara Kano, unguwar masu hali. Sai 'ya'ya suka watse: babban yana Faransa, wani yana Kwatano, mata suna ɗakunansu. Aka bar shi da matarsa Hajiya da ɗakuna a kulle suna tara ƙura. Wata asuba Hajiya ta zame a matakala ta karye a wuyan hannu. Kafin ɗorin ya warke Kawu ya yanke shawara: ya ba da benen haya, ya koma wani tsohon filinsa a Banifandu, inda da can ya jera ɗakunan haya irin waɗanda mutanen Yamai ke kira silibateriyom. Ya rushe rabi, ya gyara rabi, ya fitar da ɗaki uku da falo ƙarami.

An yi surutu. Wasu suka ce karayar arziki ce, wasu suka ce 'ya'yansa sun yar da shi. Da na tambaye shi bai ji ciwon maganar ba, sai ya ce, "Ɗana, masu maganar ba su za su ɗauke ni in na faɗi ba. Gwiwata na tambaya, ita ta ba ni shawara."

Abin da ya fara ɗaure min kai shi ne babu dokin ƙofa ko ɗaya a gidan. Daga bakin titi har gefen gadonsa ƙafa ba ta cin karo da komai. Na ce, "Kawu, da damina fa? Ai ruwa zai shigo." Yamai ba ta wasa da ruwan Agusta, ambaliyar 2020 ma ta fasa madatsa ta cinye unguwannin bakin kogi. Ya kama hannuna ya kai ni ƙofar gida. Ashe filin gaba ɗaya aka cike da ƙasa aka ɗaga shi sama da titi, aka yi gangare mai sauƙi da siminti mai kaushi, aka haƙa 'yar kwata a gindinsa aka rufe da ragar ƙarfe. Ruwa na bin kwata, mai sanda na bin gangare. Ƙofofin ciki duk an faɗaɗa su zuwa santimita 90. Babu mai hawa keken guragu a gidan, kuma Kawu bai ɓoye dalili ba. "Ranar tana iya zuwa," in ji shi, "ba na so a fasa bango ina kwance."

Banɗaki ne inda aka fi kashe tunani, kuma nan na fi daɗewa a tsaye. An cire masai na tsuguno an sa na zama. An ɓamɓare tayil mai sheƙi an shimfiɗa mai kaushi, irin wanda ko da kumfar sabulu ƙafa na kama shi. A bango akwai bututun ƙarfe guda biyu, ɗaya a kwance ɗaya a tsaye, daidai inda hannu ke nema in mutum zai miƙe. Ba daga Turai aka kawo su ba. Bututun ruwa ne Kawu ya saya a kasuwar Katako, mai walda ya lanƙwasa bakinsu, aka dasa su cikin bango da siminti. Ya sa ni na rataya a jikin ɗaya da duk nauyina, bai ko motsa ba. Ƙofar kuma waje take buɗewa, don in mutum ya faɗi a ciki jikinsa kada ya tokare ta. A gefe an gina dakalin alwala: ka zauna, famfo yana daidai gwiwarka, akwai ɗan tudu na ɗora ƙafa, ba sunkuyo ba ɗaga buta. Na yi alwala a wurin, na tuna yadda mahaifiyata ke dafa bango da hannu ɗaya tana ƙoƙarin wanke ƙafa, idona ya ciko.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa na kashe mutum kusan 684,000 a kowace shekara, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su suka fi yawa a ciki. A Kano muna gina wa iyayenmu gidaje don a gani a yaba: bene, tayil mai santsi har tsakar gida, matakala uku kafin a shiga falo. Niyyar mai kyau ce, amma na san tsofaffi da dama da irin wannan gida ya tsare su a ɗaki ɗaya, ko masallacin ƙofar gida ya gagare su. Babban ɗan Kawu ya gaya masa cewa a Faransa tun Janairun 2024 gwamnati na da shirin MaPrimeAdapt', da ke taimaka wa tsofaffi da kuɗin irin wannan gyara. Kawu da kuɗin hayar benensa ya yi nasa, kaɗan-kaɗan, ɗaki bayan ɗaki.

Sai maganar zafi. A watan Afrilu da Mayu zafin Yamai kan haura digiri 40, tsoho kuwa zafi na kayar da shi kafin yaro ya ji komai. Na shiga ɗakin Kawu da azahar na ji kamar an buɗe bakin randa. Babu na'urar sanyaya ɗaki, fanka ce kawai ke juyawa a hankali. Bangon da ke fuskantar yamma an rushe na bulon siminti an sake shi da tubalin jar ƙasa da aka matse da inji, mai kauri, wanda ke shanye zafin rana ya riƙe shi sai dare. Sama da rufin ɗakin an ɗora wani rufin kwano a kan ƙafafun ƙarfe, da tazara a tsakani, iska na ratsawa tana kwashe zafin. Akwai ƙananan tagogi can sama kusa da rufi, masu fuskantar juna.

Ya ce a unguwar da ake kira Niamey 2000 ya ga dabarar tubalin. A can ne a 2016 wata ƙungiyar masu zanen gini mai suna united4design, cikinsu har da 'yar ƙasar, Mariam Issoufou Kamara, suka gina gidaje shida da irin wannan tubali, aikin da ya shiga jerin waɗanda aka tantace don lambar yabo ta Aga Khan a 2022. Ita ce kuma, tare da Yasaman Esmaili, ta yi masallaci da ɗakin karatu na Hikma a garin Dandaji, a 2018. Gidajen Niamey 2000 masu hawa biyu ne, ba su dace da mai ciwon gwiwa ba, don haka Kawu ya ɗauki tubalin ya bar benen. Abin ya ba ni mamaki, ya kuma ɗan sosa min rai. Mu da muke da Gidan Makama a Kano da masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina, mun mai da ginin ƙasa alamar talauci, ga shi a Yamai masu digiri na komawa gare shi da alfahari.

A kan rufin akwai faifan sola biyu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take ba Nijar, Kawu ya ga yadda maganin sukarin Hajiya ke neman lalacewa. Yanzu solar na riƙe fanka da fitilu da ƙaramin firji, ba ƙari.

Rage kaya ya fi yi wa Hajiya wuya. Jerenta na shekara da shekaru, kwalla da langa da tangaran, ba inda za su shiga. Ta tara 'ya'yanta mata ta raba musu da hannunta, kowace da labarin kwanon da ta samu. Ta ce min ta yi kuka ranar, amma ta fi son ta ga kayanta a ɗakunansu tana raye. Abin da ta rage ta jera a kanta ɗaya da hannunta ke kaiwa ba tare da hawa kujera ba. Gidan bai zama kamar asibiti ba. Akwai bargon saƙar Zabarmawa a bango, matasan fata na Buzaye a kan kujeru masu tsayi da hannu, don tashi ya yi sauƙi, kuma saman ƙofar falo magini ya yi dagi da farar ƙasa.

Wurin da Kawu ya rushe ɗakunan haya bai bar shi fili ba. Ya kafa rumfa babba a gindin bishiyar dalbejiya, kusa da ƙofar gida, ya sa benci da tabarmi da tulu. Da la'asar maƙwabta ke taruwa, ana dafa shayi, ana Hausa ana Zabarmanci ana Faransanci a zama ɗaya. A Kwara Kano, in ji shi, sai ya yi kwanaki bai ga kowa ba sai mai gadi. Nan kuwa in bai fito sallar asuba ba, kafin rana ta fito an ƙwanƙwasa ƙofa. Ɗaki na uku jikansa ne ke kwana a ciki, ɗalibi a Jami'ar Abdou Moumouni, kuma akwai ƙararrawa daga gefen gadon Kawu zuwa ɗakin.

Abu ɗaya ne gyaran bai kai gare shi ba, shi ne titin. Layinsu yashi ne, sanda na nutsewa a ciki, da damina kuma ruwa na kwanciya tsakanin gidan da masallaci. Ina nan aka kawo maganar a rumfa, aka yi lissafin motar marmara nawa za ta ci daga ƙofar Kawu zuwa ƙofar masallaci, da abin da kowane gida zai bayar. Wani matashi ya ce a ɗauke wa tsofaffi nasu kason. Kawu ya ƙi, ya ce shi zai fi kowa bin hanyar, a rubuta sunansa a farko. Aka ba limami ajiyar kuɗin, aka tsayar cewa za a zuba marmarar kafin ruwan farko.